Dorothy Hodgkin: Matar da Ta Yi Shekara 35 Tana Bin Sawun Insulin

Kakata ta daɗe tana fama da ciwon sukari, ni nake yi mata allurar insulin kullum kafin in kama hanyar makaranta a Titin Bauchi. Ban taɓa tunanin wanda ya gano siffar wannan magani ba, sai da na ci karo da tarihin Dorothy Hodgkin.

An haifi wannan baiwar Allah a Alƙahira ranar 12 ga Mayu, 1910. Mahaifinta Bature ne ma'aikacin ilimi a Masar da Sudan. Ta yi karatu a Oxford, daga nan ta wuce Cambridge a 1932.

Aikinta shi ne sarrafa sinadari har ya daskare kamar ƙwayar gishiri, sannan ta haska shi da hasken eksire. Hasken kan bar ɗige-ɗige a jikin faranti, da su ake lissafa mazaunin kowace ƙwayar zarra. Idan furotin ne, ɗige-ɗigen kaɗai ba sa wadatarwa, sai an cusa wani sinadari mai nauyi ya zama alama, a kwatanta hoto mai alama da marar alama. A aikin insulin an yi amfani da dalma. A yau wasu masana iskar zenon suke matsawa cikin ƙwayar domin ta yi wannan aiki.

Ta gano siffar fenisilin a 1945, ta kuma warware ta bitamin B12 bayan shekara goma. Insulin kuwa ta fara shi a 1934, bai ba da kai ba sai 1969, alhali ciwon gaɓoɓi ya riga ya lanƙwashe mata yatsu.

Tana Gana a 1964 labari ya iske ta cewa ta ci kyautar Nobel. Mijinta Thomas Hodgkin yana shugabancin cibiyar nazarin Afirka a Legon, kuma shi ya wallafa Nigerian Perspectives a 1960, littafin da ya tattaro rubuce-rubucen tarihin ƙasarmu.

Ta rasu ranar 29 ga Yuli, 1994. Ya 'yan'uwana ɗalibai, mu da kundin digiri na wata shida yake sa mu ƙorafi, ga wadda ta jure shekara 35 a kan tambaya guda. Mahaƙurci mawadaci.