Joseph Greenberg: Masanin da Ya Auna Waƙar Hausa

An haifi Joseph Harold Greenberg a unguwar Brooklyn ta birnin New York, ƙasar Amurka, ranar 28 ga Mayu, 1915. Ya gama digirinsa na farko a Jami'ar Columbia a 1936, sa'an nan ya wuce Jami'ar Northwestern. Daga can ne ya zo ƙasar Kano a 1938, zamanin da Dutse ke cikin Lardin Kano. Ya zauna tare da Maguzawa, ya koyi Hausa daga bakin masu ita. Da wannan bincike ya sami digirin dakta a 1940.

A 1949 ya buga maƙala a kan karin waƙar Hausa. Tambayarsa ɗaya ce tak: me ke sa baiti ya zauna daidai a kunne? Sai ya ɗauki baitoci ya rarraba su gaɓa-gaɓa. A Hausa akwai gaɓa mai nauyi da marar nauyi. A kalmar gida, alal misali, gaɓar farko gajera ce, ta biyu kuwa ana jan ta. Ya nuna cewa da wannan bambanci marubuta ke tsara baitocinsu, kuma rubutacciyar waƙa tana bin ma'aunan arulin Larabci. Masanan da suka biyo baya sun ɗora a kan aikinsa, sun kuma gyara inda ya gaza.

Ya koyar a Jami'ar Columbia, daga baya ya koma Stanford a 1962. A littafinsa na 1963 ya kasa harsunan Afirka gida huɗu, ya sa Hausa cikin reshen Cadi, a babban gida ɗaya da Larabci da Ibrananci. Ya rasu ranar 7 ga Mayu, 2001.

Mu malamai mun sani ɗalibanmu da yawa, in an ba su aikin bincike a kan waƙa, yabo kawai suke jerawa ba tare da hujja ba. Hanyar wannan bawan Allah ita ce maganin haka: a taƙaita tambaya, a saurara da kyau, a ƙirga, a kawo misali, kana a yanke hukunci. Tun da baƙo ya ƙetaro teku domin harshenmu, mu da muka sha shi a nono ba mu da dalilin yi masa riƙon sakainar kashi.