Zhao Ji, sarkin da ya ƙware wajen zanen tsuntsaye amma mulki ya gagare shi

A tarihin zane-zanen gargajiya na ƙasar Sin, da wuya a ambaci zanen furanni da tsuntsaye ba a ambaci Zhao Ji ba, wato sarki Huizong, sarki na 8 na daular Song. An haife shi a shekarar 1082, ya kuma hau gadon sarauta a birnin Kaifeng a shekarar 1100, bayan da wansa sarki Zhezong ya rasu bai bar magaji ba.

Tun yana saurayi zane da rubutu ne suka shiga ransa. A shekarar 1104 ya kafa makarantar koyon zane a fada, inda sai mutum ya ci jarrabawa kafin a ɗauke shi. Babban abin da yake nema wurin masu zane shi ne su ƙura wa halitta ido kafin su ɗauki alƙalami. An ruwaito cewa wata rana sun zana ɗawisu yana hawa tudu, sai sarki ya ƙi amincewa da aikin, domin sun sa tsuntsun ya fara ɗaga ƙafar dama, alhali shi ya lura ƙafar hagu ɗawisu ke fara ɗagawa.

Zane-zanen da ke ɗauke da sunansa sun nuna wannan lura. A cikin wani da ke gidan adana kayan tarihi na birnin Boston a Amurka, an ga aku mai launi biyar a kan reshen da ya cika da furanni a lokacin bazara, wato sa'ad da sanyi ya wuce, itatuwa suka fara toho. Wani kuma na shekarar 1112, wanda ke lardin Liaoning, ya nuna tsuntsaye 20 dangin gauraka a saman ƙofar fada. Kundin zane-zanen fadarsa da aka tsara a shekarar 1120 ya lissafa zane 6,396, kuma fiye da 2,700 daga cikinsu na furanni da tsuntsaye ne.

Sai dai taura biyu ba ta taunuwa. Sarkin ya bar yawancin harkokin mulki a hannun fadawa irin su Cai Jing. Domin ƙawata wani babban lambu da ya gina a Kaifeng, aka riƙa ƙwace duwatsu da itatuwa masu kyau daga jama'ar kudu ana kai su a jiragen ruwa. Wannan zalunci na cikin dalilan tawayen Fang La a shekarar 1120.

Da sojojin daular Jin suka kawo hari daga arewa, sai ya sauka ya bar wa ɗansa sarauta a farkon shekarar 1126. A shekarar 1127 Kaifeng ya faɗi, aka kwashe dukiyar fada, aka tafi da shi da ɗansa a matsayin fursunoni. Ya rasu a shekarar 1135 a yankin da ke lardin Heilongjiang na yanzu.

Masana tarihi na ɗora masa alhakin rushewar daular Song ta Arewa, amma har yau masu koyon zanen tsuntsaye a ƙasar Sin suna kwaikwayon ayyukansa.