Nestor Lakoba, Shugaban Abkhaziya

'Yan uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ba ku tarihin wani mutum da na ci karo da sunansa lokacin da malaminmu na tarihi ya sa ni bincike kan Tarayyar Sobiyet. Sunansa Nestor Lakoba. Tun da na karanta labarinsa ban daina tunaninsa ba.

Shi dai wannan bawan Allah an haife shi a shekarar 1893 a ƙauyen Likni cikin Abkhaziya, wata 'yar ƙasa da ke gaɓar Bahar Aswad. Ya yi karatu a makarantar limaman Kirista ta Tibilisi, inda Stalin ma ya taɓa zama, amma aka kore shi. A 1912 ya shiga jam'iyyar Bolshebik, wadda daga baya ta zama jam'iyyar Kwaminis. Da suka kama mulki, sai aka ɗora shi shugaban gwamnatin Abkhaziya a 1922. Ba ya ji sosai, sai da na'ura a kunne, amma wannan bai hana shi iya zama da manya ba. Stalin kan zo hutu ƙasarsa, har suka shaƙu ƙwarai.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya yi amfani da wannan abota. A lokacin nan gwamnatin Mosko tana ƙwace gonakin talakawa tana haɗa su gandu guda, miliyoyin mutane kuwa suka mutu da yunwa a wurare irin su Yukiren. Lakoba bai fito fili ya ƙi ba, don yin haka tamkar sayen likkafani ne. Sai ya yi ta jan ƙafa, yau da wannan uzuri, gobe da wancan, manomansa suna ci gaba da noma abinsu. Amma fa ba a banza ba. A 1931 aka rage darajar Abkhaziya, aka mai da ita yanki mai ɗan cin gashin kai a ƙarƙashin Jojiya. Wannan magana ba ta mutu ba, ita ce ta sake tasowa har aka gwabza yaƙin 1992 zuwa 1993, Abkhaziya ta ɓalle. Rasha ta amince da ita a 2008, amma yawancin ƙasashen duniya na ganinta yankin Jojiya ne.

To, akwai wani mai suna Beriya, wanda Lakoba da bakinsa ya yaba wa Stalin shi har ya sami shugabancin jam'iyya a Jojiya. A ganina nan ne ya yi babban kuskurensa. Da Beriya ya yi ƙarfi, sai ya ga ba shi da kishiya a wajen Stalin kamar Lakoba. A watan Disamba 1936 ya kira shi Tibilisi, suka ci abincin dare tare. Kafin gari ya waye Lakoba ya cika, yana da shekara 43. Hukuma ta ce ciwon zuciya ne, amma masana tarihi da yawa sun yarda guba aka ba shi.

An yi masa jana'izar girma a Sukumi. Ba a daɗe ba aka ce shi maƙiyin jama'a ne, aka tone kabarinsa. Matarsa Sariya aka kama ta, aka gana mata azaba don ta ba da shaida a kansa, ta ƙi, ta rasu a kurkuku a 1939. Ɗansu Rauf kuwa aka harbe shi a 1941. Sai bayan mutuwar Stalin a 1953 aka wanke sunan Lakoba.