Labarin Maryamu, Sarauniyar Ingila: Himma Wadda Ba Jinƙai a Cikinta

Ya kai mai karatu, ko ka riga ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, ko kuwa kana cikin bincike tukuna, ga labarin wata sarauniya wadda ta yi mulkin ƙasar Ingila shekara biyar da 'yan watanni, daga 1553 zuwa 1558. Sunanta Maryamu. Har wa yau mutanen ƙasarta ba su bar gardama a kanta ba. Waɗansu suna ce da ita Maryamu Mai Zub da Jini, waɗansu kuwa suna ganin ta mace mai tsoron Allah wadda aka zalunta. Mun kawo maka labarinta domin ta sha wuya saboda bangaskiyarta, kamar yadda watakila kai ma kake sha yanzu, amma sa'ad da iko ya zo hannunta ta shayar da waɗansu abin da ya fi nata ɗaci. Ka karanta da natsuwa, kana auna zuciyarka.

An haifi Maryamu ran 18 ga Fabrairu 1516, a fadar Giriniwic kusa da birnin Landan. Ubanta Sarki Henri na Takwas ne, uwarta kuwa Katarina, 'yar sarkin Sifen. Cikin dukan 'ya'yan da Katarina ta haifa, ita kaɗai ta rayu. Aka yi renonta da gata mai yawa, aka koya mata Latin da Faransanci da kiɗa, uwarta kuma ta koya mata addu'a bisa tafarkin ikkilisiyar Roma, gama a zamanin nan dukan Ingila a ƙarƙashin Paparoma take.

Amma Henri yana so ƙwarai ya sami ɗa namiji wanda za ya gaje shi. Sai ya roƙi Paparoma ya raba aurensa, a kan cewa Katarina ta taɓa auren wansa wanda ya rasu. Paparoma bai yarda ba. Henri ya fitar da Katarina daga fada a 1531, daga nan Maryamu ba ta ƙara ganin uwarta ba. A 1533 ya auri Hannatu Bolin, babban bishop na Kantabari kuma, mai suna Tomas Kiranma, ya yanke hukunci cewa auren fari ba aure ba ne. Ka riƙe sunan nan Kiranma, gama za ka sake gamuwa da shi. Da hukuncin nan Maryamu ta zama kamar 'yar da aka haifa ba da aure ba. Aka tuɓe mata sunan gimbiya, aka watse barorinta, aka kai ta zama a gidan jaririyar da kishiyar uwarta ta haifa, wato Alisabatu. Katarina ta rasu a Janairu 1536, ba a bar 'yarta ta je jinya ba, ba a kuwa bar ta ta je jana'iza ba.

A cikin wannan shekara aka kawo wa Maryamu takarda, aka ce ta sa hannu, ta yarda ubanta shi ne shugaban ikkilisiyar Ingila, ta kuma yarda auren iyayenta haram ne. Ta daɗe tana ƙi. Manyan fada suka yi mata barazana, aka kama waɗansu daga cikin masoyanta, har ta ga ranta yana cikin hatsari. A watan Yuni ta sa hannu, tana 'yar shekara 20. Hannunta ya rubuta, zuciyarta kuwa ba ta yarda da ko kalma ɗaya ba. Ka lura da wannan da kyau, gama tun tana budurwa ta ɗanɗana a jikinta cewa tilas tana iya tanƙwasa hannun mutum, amma ba ta kai ga bangaskiyarsa.

Henri ya mutu a 1547, ƙanenta Edwad ya hau gadon sarauta yana yaro ɗan shekara tara. Masu riƙon mulki dominsa suna cikin masu neman gyaran ikkilisiya, waɗanda ake ce da su Furotesta. A 1549 suka kafa littafin addu'a da Turanci, suka hana sujada irin ta Roma wadda ake yi da Latin. Maryamu ta ƙi bari. Ta ci gaba da sujadarta a gidanta, ta sanar da majalisar sarki ta gwammace mutuwa da ta sāke addininta. A 1551 ta shiga Landan bisa doki da jama'arta, kowa da carbinsa a fili, a shekarar nan kuma aka kulle manyan barorinta uku a Hasumiyar Landan, kurkukun sarki. Ko wanda bai yarda da koyarwarta ba ba za ya hana ta yabon ƙarfin zuciya ba. Karo na biyu ke nan da aka gwada tilasta mata, ba a kuwa ci nasara ba.

Edwad ya mutu ran 6 ga Yuli 1553. Manyan fada suka naɗa wata yarinya 'yar dangin sarauta, Jen Girei, domin kada mulki ya koma hannun Katolika. Amma jama'a sun san Maryamu ce mai gādo, suka taru wurinta, har da Furotesta da yawa, bayan kwana tara kuwa aka yi shelar sarautarta. Aka sa mata kambi ran 1 ga Oktoba, ita ce mace ta fari da aka naɗa ta mulki Ingila da ikon kanta. Farkon mulkinta da sauƙi ya zo. Ta yi shela ba za ta tilasta wa talakawanta a kan addini ba tukuna, ta kuma so ta bar Jen da rai.

Sauƙin bai daɗe ba. Ta ƙudura ta auri Filibus, ɗan sarkin Sifen, mutanenta kuwa suna tsoron mulkin baƙo. Tawaye ya tashi a farkon 1554, ta tsaya a Landan ba ta gudu ba, aka murƙushe shi. Bayansa aka sare kan Jen ran 12 ga Fabrairu, yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba. Aka ɗaura auren a watan Yuli. A Nuwamba aka mai da Ingila ƙarƙashin Paparoma, majalisar ƙasa kuma ta ta da tsofaffin dokoki masu cewa a ƙone wanda aka same shi da karkatacciyar koyarwa in ya ƙi tuba.

Na fari da aka ƙone shi ne Yohanna Rojas, mai wa'azi, wanda ya yi aikin fitar da Littafi Mai Tsarki da Turanci. Aka kai shi filin Simitfil a Landan ran 4 ga Fabrairu 1555, matarsa da 'ya'yansa suna tsaye a bakin hanya. A Oktoba aka ƙone bishop biyu tare a garin Oksfod, Latima da Ridli. Amma kada ka zaci manya kaɗai abin ya ci. Yawancinsu talakawa ne, masaƙa da maƙera da manoma da matan aure. Akwai wata makauniya a garin Dabi, Jowan West, mai tufkar igiya da saƙa, wadda ta tara kuɗi kaɗan kaɗan ta sayi Sabon Alkawari, tana neman masu karanta mata, wani lokaci har da biya. Aka tambaye ta, kamar yadda aka tambayi mafi yawansu, ko gurasa da ruwan inabi na Jibin Ubangiji suna komawa ainihin jikin Almasihu da jininsa. Ba ta yarda ba, aka ƙone ta a Agusta 1556, tana da wajen shekara 22. Kafin mulkin ya ƙare an ƙone fiye da mutum 280, mata fiye da 50 a cikinsu, waɗansu wajen 800 kuma suka gudu zuwa ƙasashen waje.

Sai mu koma kan Kiranma. Ya tsufa, ya daɗe a kurkuku, tsoro ya kama shi, ya sa hannu a takardu yana musun abin da ya koyar. Bisa al'adar shari'ar nan, wanda ya janye maganarsa akan bar shi da rai. Maryamu ba ta yafe ba. Allah kaɗai ya san abin da ke cikin zuciya, amma wannan shi ne mutumin da ya raba auren uwarta shekara 23 da suka wuce. Ran 21 ga Maris 1556 aka kawo shi gaban jama'a domin ya maimaita tubansa, sai ya janye musun da ya yi, da aka kunna wuta kuwa ya fara miƙa hannunsa na dama, wanda ya yi rubutun, a cikin harshen wutar. Ita da shi duka sun taɓa sa hannu a kan abin da ba su gaskata ba. Da ta tuna da kanta, da ta ji tausayinsa.

Kada ka ɗauka Maryamu mace ce marar ibada. Tana da yawan addu'a da sadaka, tana yi wa barorinta alheri. Tun kafin ta hau mulki ta yi aikin juya wani littafi mai bayyana Bisharar Yohanna daga Latin zuwa Turanci. A ranar Alhamis kafin Idin Tashin Almasihu na 1556 ta durƙusa ta wanke ƙafafun matalautan mata 41, ta ba su abinci da tufafi. Makonni kaɗan ke nan bayan ƙona Kiranma. A ganinta tana yi wa Allah hidima ne, tana tsare talakawanta daga koyarwar da za ta hallaka rayukansu. Abin tsoro ke nan a labarinta. Shawulu ma haka ya zata sa'ad da yake tsananta wa ikkilisiya.

Kada kuma ka ce laifin na ɗarika ɗaya ne. A zamanin nan kusan dukan masu mulki sun ɗauka wajibi ne a kashe mai karkatacciyar koyarwa. A mulkin Edwad an ƙone wata mace a 1550 saboda koyarwarta, Kiranma kuwa yana cikin waɗanda suka yi mata shari'a. A mulkin Alisabatu, wadda ta gaji Maryamu, an kashe Katolika kusan 200, yawancinsu firistoci da masu ɓoye su, da sunan cin amanar ƙasa. Dukansu suna kiran sunan Almasihu, dukansu kuwa sun kauce wa halinsa a wannan wuri.

Ƙarshen Maryamu da baƙin ciki ya zo. Sau biyu ta zaci tana da ciki, ba ta haihu ba. Mijinta ya bar ta ya koma ga mulkinsa. Ya jawo ta cikin yaƙi da Faransa, a Janairu 1558 Ingila ta rasa garin Kale, wanda ta riƙe fiye da shekara 200. Ta rasu ran 17 ga Nuwamba 1558, tana da shekara 42. Cikin shekara guda Alisabatu ta rushe abin da ta gina. A 1563 wani mai suna Yohanna Foks ya buga babban littafi na labarin waɗanda aka ƙone, da zane-zane, wanda aka sani da Littafin Shahidai. Aka yi ta karanta shi a majami'u da gidaje tsara bayan tsara. Foks yana da ɓangaren da ya tsaya, masana na yanzu kuwa sun gyara waɗansu abubuwa a hukuncinsa, amma wutar da ya ba da labarinta an hura ta da gaske. Ta so ta komo da mutanenta ga addinin uwarta, sai ta sa jikokinsu suka ƙi shi shekaru ɗaruruwa.

Yanzu fa, ɗan'uwa, ga abin da ya shafe ka. Watakila saboda ka bi Almasihu an kore ka daga gida, ko an hana ka gādo, ko abokanka sun daina cin abinci tare da kai. Ka tsaya da ƙarfi kamar yadda Maryamu ta tsaya a kwanakin wahalarta. Amma ka tsare zuciyarka daga ajiye ƙullaci, gama ƙullaci yana iya kwanciya shekara ashirin a ƙarƙashin addu'a da azumi, ya tashi ranar da ka sami dama, yana sanye da rigar himma domin Allah. Mutane sukan ce rama cuta ga macuci ibada ne. Ubangijinmu bai koyar da haka ba, ya yi addu'a domin waɗanda suka gicciye shi tun yana bisa gicciyen.

Ba za ka zama sarki ba watakila, amma kowane mutum yana da inda ikonsa ya kai. Kana da mata, ko 'ya'ya, ko bara, ko ƙane wanda yake ci daga hannunka. Kada ka hana wa ɗayansu abinci ko alheri domin ya bi ka zuwa sujada. Za ya bi ka da ƙafa, zuciyarsa tana nesa, ran da ka kau kuwa za ya rushe abin da ka gina. Ka koya masa, ka yi addu'a dominsa, ka bar halinka ya zama shaida. Luka ya ba da labari a sura ta tara, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, Yakubu da Yohanna suka nemi izni su kira wuta daga sama ta cinye su. Yesu ya juya ya tsauta wa almajiransa, suka wuce zuwa wani ƙauye.

Maryamu da Alisabatu suna kwance yau a kabari ɗaya a majami'ar Westminista, hukuncinsu yana hannun Allah. Naka lokacin bai wuce ba tukuna. Kafin ka ajiye wannan takarda, ka tuna da mutumin da ya fi cutar da kai saboda bangaskiyarka, ka ambaci sunansa a gaban Allah, ka roƙa masa alheri, ka kuma roƙa wa kanka ikon gafarta masa. In ka kāsa yau, ka sāke gobe, gama Mai Ceto wanda ya gafarta maka yana da ikon taimakonka.