Tuna baya: Jori Hamani, malamin lakwal da ya kafa mana Nigelec

Duk wanda ke neman abincinsa a Katako, ko Wadata, ko Habu Bene, ya san darajar wutar lantarki, wadda mu nan muka fi kira kuran. Da ita mai ƙanƙara ke cika firigo, da ita tela ke ɗinka kayan salla, da ita injin niƙa ke sauƙaƙa wa mata wahalar turmi. Ƙarshen wata kuma faktir ta zo da sunan Nigelec a samanta. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san lokacin da aka kafa wannan kamfani, da dalilin kafa shi, da mutumin da aka yi abin a hannunsa. Shi ya sa yau filin namu zai waiwayi rayuwar marigayi Alhaji Jori Hamani, shugaban ƙasar Nijar na farko.

Daga Sudure zuwa Paris

An haifi Jori Hamani ranar 6 ga watan Yuni na shekara ta 1916 a Sudure, wani ƙauyen Zabarmawa da ke bakin kogi kusa da Yamai. Mahaifinsa ma'aikacin kiwon lafiya ne a zamanin Nasara, shi ya sa aka sa yaron lakwal a lokacin da iyaye da yawa ke ɓoye ƴaƴansu don kada a kai su. Karatu ya karɓe shi har ya samu shiga makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da akawuna na dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulki.

Da ya dawo gida a 1936 sai ya zama mushen lakwal, ya koyar a Yamai da Maraɗi. A 1938 aka kai shi Paris, yana koya wa Turawan da ake shiryawa aikin mulkin mallaka harshen Hausa da na Zabarmanci. Ke nan mutumin da muke magana a kansa ya san Hausa har ya koyar da ita, kuma ya san Faransawa tun daga cikin gidansu. Waɗannan abubuwa biyu sun yi masa amfani ƙwarai a siyasa.

Shiga siyasa

Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1946, yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, wadda ta zama reshen RDA a Nijar, tare da irin su Bubu Hama. A wannan shekara aka zaɓe shi depite mai wakiltar Nijar a majalisar dokokin Faransa. Ya faɗi zaɓe a 1951, ya sake cin kujerar a 1956.

Babban abokin hamayyarsa ɗan uwansa ne na jini, Jibo Bakari, shi ma ɗan Sudure, shugaban jam'iyyar Sawaba. A ƙuri'ar raba gardama ta ranar 28 ga Satumba 1958, Jibo ya nemi a ce wa Janar De Gaulle a'a, a karɓi ƴanci nan take. Jori ya nemi a ce i, kuma gwamnan Faransa da sarakuna da dama suka mara wa wannan ɓangare baya. Masu cewa i suka yi rinjaye, Jori ya zama shugaban gwamnati a watan Disamba na wannan shekara. Ranar 3 ga Agusta 1960 shi ne ya shelanta ƴancin kan Nijar.

Ƙasar da ya gada

Dattawanmu da suka ga wancan zamani sun san cewa ƙasar da aka miƙa masa ba ta da komai sai gyaɗa da dabbobi. Babu gada a kan kogi a Yamai, sai jirgin fito. Babu jami'a. Manyan kantuna da cinikin gyaɗa suna hannun kamfanonin Faransawa. Wutar lantarki kuwa, a 1952 ne aka damƙa aikinta na birnin Yamai ga wani kamfani mai suna Energie AOF, wanda daga baya, a 1960, ya koma Safelec. Wannan kamfani ba na Nijar kaɗai ba ne, yana aiki a ƙasashe da dama da Faransa ta mulka.

A wancan lokaci kowane gari da ke da wuta yana da injinsa mai shan gazuwal, ba a haɗa wani gari da wani ba. Shi kuma man daga bakin teku yake zuwa: a sauke shi a Kwatano, jirgin ƙasa ya kai shi Paraku, sannan manyan motoci su ɗauko shi zuwa Nijar. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa biyan kuɗin mota daga Kwatano ya san yadda hanya ke cinye riba. Saboda haka wutar ta yi tsada, ta tsaya a ofisoshin gwamnati, da asibiti, da gidajen manyan ma'aikata. Talaka yana nan da fitilarsa ta kalanzir, mai tuyar ƙosai da dare tana nan da aci-balbal.

Kamfanonin ƙasa

Dabarar gwamnatin Jori ita ce, tun da ƴan ƙasa ba su da jarin da za su yi gogayya da Turawa, to gwamnati ta kafa kamfanoni da kanta. A 1961 aka buɗe bankin raya ƙasa na BDRN. A 1962 aka kafa Sonara don sayen gyaɗa da fitar da ita waje, da Copro-Niger don shigo da kayan masarufi irin su sukari da gishiri da shayi. Aka gina masana'antar siminti a Malbaza. A 1970 aka kafa OPVN don ajiyar hatsi.

A cikin wannan jeri ne, ranar 7 ga Satumba 1968, aka kafa Nigelec, ta karɓi aikin daga hannun Safelec, kuma gwamnati ce ke da mafi yawan jarin. Aka ɗora mata nauyin samar da wuta, da jawo ta, da raba ta ga jama'a. Har ruwan famfo na birane yana hannunta a farko, sai a 1987 aka raba aikin ruwa da na wuta.

Mene ne amfanin wannan mataki? Ku da kuke kasuwa kun fi kowa sani: ɗan kasuwa ba ya kai kaya inda babu riba. Kamfanin waje zai ja waya ne zuwa unguwar da ke biya da kyau, ya bar ƙaramin gari cikin duhu. Amma idan kamfanin na ƙasa ne, ana iya ɗaukar ribar da aka samu a Yamai a tallafa wa garin da bai iya ɗaukar nauyin injinsa ba, kuma shawarar inda za a kai wuta ta dawo hannun ƴan ƙasa. Bugu da ƙari, sai da kamfani na ƙasa ake iya zama a teburi ɗaya da wata ƙasa a ƙulla ciniki na shekaru masu yawa.

Zumunci da Najeriya

A nan ne hangen nesan Jori ya fito fili. A 1967 yaƙin basasa ya ɓarke a Najeriya. Faransa ta karkata ga ƴan Biyafara, wasu shugabannin Afirka irin su Houphouët-Boigny na Kodebuwa ma suka amince da su. Jori, duk da kusancinsa da Faransa, ya tsaya tare da gwamnatin Janar Yakubu Gowon a kan Najeriya ta zauna ƙasa ɗaya. A watan Yuli na 1968 a nan Yamai aka zaunar da ɓangarorin biyu don neman sulhu. Ya san cewa Maraɗi da Katsina, Damagaram da Kano, Ƙonni da Sakkwato, uwa ɗaya uba ɗaya ne, kuma kasuwarsu ɗaya.

A wannan shekara ta 1968 Najeriya ta kammala madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, wato kogin nan namu na Isa da ke ratsa Yamai. Wutar da ruwa ke bayarwa ta fi ta gazuwal araha nesa ba kusa ba. Bayan yaƙi, a 1971, ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai, a 1972 kuma aka ƙulla yarjejeniyar sayar wa Nijar wutar Kainji. Aka ja babbar waya daga Birnin Kabi, ta bi ta Doso zuwa Yamai, da taimakon ƙasar Kanada. Sai dai Allah bai nufa Jori ya kunna ta da hannunsa ba: a 1976 wutar ta iso, shekara biyu bayan an tuɓe shi.

Ba wutar maƙwabta kaɗai aka duba ba a zamaninsa. A 1965 aka kafa ofishin binciken makamashin rana, Onersol, wanda shehun malami Abdu Mumuni ya shugabanta daga 1969. A 1964 aka kafa hukumar ƙasashen kogin Isa a Yamai. A 1970 aka buɗe gadar Kennedy, a 1971 aka aza harsashin jami'ar Yamai, kuma a wannan shekara aka fara haƙo yuraniyom a Arlit.

Inda aka yi kuka da shi

Tarihi ba kirari ba ne, dole mu faɗi ɗaya gefen. Tun 1959 aka haramta Sawaba, Nijar ta zama ƙasa mai jam'iyya ɗaya. A zaɓen 1965 da na 1970 Jori shi kaɗai ya tsaya takara. Da ƴan Sawaba suka ɗauki makamai a 1964, gwamnati ta murƙushe su da ƙarfi, aka harbe wasu a bainar jama'a, aka cika gidajen kaso. A watan Afrilu na 1965 aka jefa masa gurneti a filin idin babbar salla, ya tsira. Talakawan karkara sun sha nauyin haraji da jangali. Ƴan kasuwa da yawa ma ba su ji daɗin yadda Copro-Niger da Sonara suka kankane ciniki ba, abin da ya sa fasa-ƙwauri ya yi ƙarfi a kan iyaka.

Sai kuma fari ya sauka daga 1968 har zuwa 1974. Dabbobi suka ƙare, gyaɗa ta faɗi, mutane suka bar garuruwansu suka taru a bakin birane suna jiran taimako. Ana cikin haka zargi ya yi yawa cewa wasu manyan gwamnati suna karkatar da hatsin agaji suna sayarwa. Ƴan makaranta da malamai suka shiga yajin aiki. A farkon 1974 Jori ya matsa wa Faransa lamba ta ƙara kuɗin yuraniyom, ba a kai ga kammala maganar ba.

Daren 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Saini Kunce suka kifar da gwamnatinsa. Uwargidansa Hajiya Aisa ta rasa ranta a wannan dare. Aka tsare shi a Damagaram, ya yi shekara shida a tsare, daga 1980 kuma aka mayar da shi ɗaurin talala a Yamai. Bayan rasuwar Kunce a 1987, Janar Ali Saibu ya sake shi. Ya tafi ƙasar Maroko, inda Allah ya yi masa cikawa a birnin Rabat ranar 23 ga Afrilu 1989, yana da shekara 72. Yau filin jirgin saman Yamai sunansa yake ɗauke da shi.

Abin da ya bari, da abin da ya rage

Da yawa daga kamfanonin zamaninsa sun zama tarihi. BDRN ta rushe, Sonara da Copro-Niger sai dai a labari. Nigelec kuwa tana nan fiye da shekara 50 bayan kafa ta. Waɗanda suka biyo bayansa sun ɗora a kan harsashin: a 1981 tashar gawayin ƙasa ta Sonichar a Anu Araren ta fara ba yankin Agadas wuta, a 1994 aka jawo waya daga Katsina zuwa Gazawa don Maraɗi da Damagaram, a 2017 aka buɗe tashar Goru Banda, a 2023 aka ƙara mata ta hasken rana.

Amma kwanon aro ba ya raba mutum da neman nasa. An yi shekara da shekaru mafi yawan wutar da Nigelec ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Kowa ya ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke wayar saboda takunkumin CEDEAO, ba a mayar ba sai a watan Maris na 2024. Masu ƙanƙara, da masu kifi, da teloli, da masu walda, su ne suka fara ji a aljihunsu. Madatsar ruwa ta Kandaji, wadda aka aza harsashinta a 2008, har yanzu jiranta muke. Kuma a cikin ƴan Nijar biyar, kusan mutum ɗaya ne kawai ke da wuta a gidansa.

Jori ya karɓo makullin wutarmu daga hannun baƙi ya sa shi a hannun ƙasa, ya kuma nemo mana mai araha a wajen ƴan uwa. Kai ta kowace rumfa da kowane ƙauye, da samar da ita daga ruwanmu da ranarmu da gawayinmu, wannan aiki ne da ya rage a wuyan shugabannin yau, kuma hakkinmu ne mu riƙa tambayarsu ina aka kwana. Mu ma da namu nauyin: mu biya faktir a kan lokaci, mu guji jan wuta ta ɓarauniyar hanya a cikin kasuwa, domin wayoyin da aka harhaɗa barkatai suna cikin abubuwan da ke jawo gobara, kuma dattawa ba su manta da yadda Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982 ba.

Allah ya jiƙan Alhaji Jori Hamani, ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan dukan magabatanmu. Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili.