Joe Strummer: Mawaƙin da Ya Yar da Tushensa, Ya Dawo Yana Nema

A shafinmu na tarihin mutane na wannan fitowa, na ɗauko muku wani Bature ɗan Ingila wanda na san yawancinmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba. Shi ne Joe Strummer, jagoran wata ƙungiyar makaɗa mai suna The Clash. Ya rasu tun 2002, lokacin da da yawa daga cikinmu ko haihuwarmu ba a yi ba. Abin da ya ja ni ga labarinsa shi ne yadda ya zubar da duk abin da ya taso da shi don a ce masa ɗan zamani, ya kai ƙololuwa, ya faɗo, sannan bai sake miƙewa ba sai da ya koma ga kiɗan da ya taɓa jin kunyarsa.

Sunan da iyayensa suka raɗa masa John Graham Mellor. An haife shi ranar 21 ga Agusta, 1952, a birnin Ankara na Turkiyya, inda mahaifinsa yake aiki a ofishin jakadancin Birtaniya. Shi kansa uban a Lucknow ta Indiya aka haife shi, uwar kuma ma'aikaciyar jinya ce, 'yar ƙananan manoma daga tsaunukan Sikotilan. Tun yana ƙarami ya zauna a Alƙahira da birnin Meziko da Bonn ta Jamus. Yana da shekara 9 aka kai shi makarantar kwana a kusa da Landan tare da yayansa, iyayen kuma suka ci gaba da yawon aiki a ƙasashe irin su Iran da Malawi, ba kasafai yaran ke ganinsu ba. A 1970 yayan nasa, wanda ya riga ya faɗa cikin jam'iyyar National Front ta masu ƙin baƙi, ya kashe kansa. John, yana da shekara 17, shi aka kira ya je ya tabbatar da gawar.

Ya shiga makarantar koyon zane a Landan, amma bai kammala ba. A wannan lokaci ne ya kamu da son waƙoƙin Woody Guthrie, wani Ba'amurke da ya rasu a 1967, wanda ya yi suna wajen yawo da jitarsa yana waƙe manoman da fari da guguwar ƙura suka kora daga gonakinsu a shekarun 1930. Idan kana son ka gane irin wannan kiɗa, ka tuna Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa yana waƙar karen mota: mutum ɗaya, abin kiɗa ɗaya mai arha, magana kuma ta talaka ce. John ya so Guthrie har ya sa abokansa suna kiransa Woody. Ya riƙa bin wani abokinsa mai goge irin na Turawa, Tymon Dogg, suna kiɗa a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa ana jefa musu 'yan canji. Ya ɗan zauna a Newport ta yankin Wales, har aikin maƙabarta ya yi a can. Da ya dawo Landan a 1974, sai ya tare da wasu matasa a wani gidan da babu kowa a ciki, ba haya ba izini, a lamba 101 kan titin Walterton. Daga lambar gidan suka samo sunan ƙungiyarsu, The 101ers, suna kaɗa tsofaffin kiɗe-kiɗen Amurka a ƙananan wurare. Shi bahago ne amma da dama ya koyi jita, don haka hannunsa bai iya tsintar tsirkiya ɗaya-ɗaya da kyau ba, sai dai ya share su gaba ɗaya da ƙarfi. Ma'anar sunan Strummer ke nan, mai sharar tsirkiyoyi.

A watan Afrilun 1976 wasu yara da ake kira Sex Pistols suka buɗe wa 101ers wasa a Landan. Kiɗansu shi ake kira pank: gajere, mai sauri, mai hayaniya, cike da fushin matasan da ba su da aikin yi. Strummer yana ganinsu ya san cewa yayin irin kiɗansa ya wuce. Ba a jima ba wani manaja, Bernie Rhodes, ya zo masa da tayin ya shiga sabuwar ƙungiya tare da Mick Jones da Paul Simonon. Ya amsa. The Clash ta yi wasanta na farko a Sheffield ranar 4 ga Yuli, 1976.

To, a nan ne fa maganar take. 'Yan pank na farko suna da wata aƙida cewa duk abin da aka yi kafin su shara ne, daga kansu tarihi zai fara. Strummer ya rungumi wannan aƙida hannu biyu. Ya watsar da 101ers, ya canja sutura da salon magana, ya juya wa abokan da suka ci wuya tare baya. Zancen Woody kuwa ya binne shi. Wasu daga cikin waɗannan abokai sun daɗe suna jin ciwon abin.

Gaskiya The Clash ta yi abin a zo a gani. Faifansu na farko ya fito a Afrilun 1977, suna waƙe rashin aiki, da cin zalin 'yan sanda, da wariyar launin fata. A Afrilun 1978 sun yi wasa a gaban dubban mutane a filin Victoria Park, a gangamin mawaƙa na yaƙi da wariya, wato a fili suna ja da jam'iyyar nan da ta ɗauke masa ɗan'uwa. Sai London Calling a 1979, sai Sandinista! a 1980, faifai uku a haɗe, waƙa 36, da suka dage sai an sayar da araha ko da su za su yi asara. Amma wanda ya saurara da kyau zai ji tushen nan da aka binne yana ta ɓullowa. Tun a faifan farko sun sake rera Police and Thieves ta Junior Murvin, mawaƙin rege na Jamaika. Da suka je Amurka a 1979, tsohon gwani Bo Diddley suka ɗauko ya riƙa buɗe musu wasa. Tymon Dogg ma ya sako gogensa a cikin Sandinista!

A 1982 faifansu Combat Rock ya sayu sosai a Amurka, har suka hau dandamali a filin wasa na Shea da ke New York. Daidai lokacin kuma gidan ya fara rushewa. A shekarar aka sallami mai gangarsu, Topper Headon, saboda miyagun ƙwayoyi. A 1983 Strummer da Simonon suka kori Mick Jones, mutumin da ke ɗora wa kalmomin Strummer kari. Faifan da ya biyo baya a 1985 bai yi armashi ba, a 1986 ƙungiyar ta watse. Tsakanin 1984 da 1986 kuma ya rasa mahaifinsa da mahaifiyarsa. Daga baya ya sha faɗa a bainar jama'a cewa korar mutanen nan biyu kuskure ne babba, ya kuma je ya nemi Mick Jones suka shirya.

Shekarun da suka biyo baya su ne mutane ke tsallakewa idan suna ba da labarinsa, ni kuwa su suka fi jan hankalina. Ya tafi Granada ta Sifen ya ɓuya na wani lokaci. A 1987 ya tsara kiɗan wani fim mai suna Walker da aka ɗauka a Nikaraguwa, da kayan kiɗa na katako da ƙaho da salon Latin Amurka, babu hayaniyar da aka san shi da ita. A 1989 ya fitar da faifansa shi kaɗai, Earthquake Weather, kasuwa ta ƙi shi. Ga kuma yarjejeniyar kamfanin faifai da ta ɗaure shi. Shekara 10 cur bai sake fitar da kundin waƙoƙinsa ba. A tsakani ya raɓu da The Pogues, masu haɗa zafin pank da kiɗan gargajiyar Ayalan. Ya tsara musu faifansu na 1990, Hell's Ditch, a 1991 kuma ya riƙe musu waƙa bayan sun rabu da mawaƙinsu Shane MacGowan. An yi ta yi wa The Clash tayin maƙudan kuɗi su dawo su rera tsofaffin waƙoƙinsu, amma ba su dawo ba.

Abubuwa biyu suka farfaɗo da shi. Na farko, wutar da yake hurawa a bikin kiɗe-kiɗe na Glastonbury, inda kowa zai zo ya zauna a kewaye, sananne da wanda ba a sani ba, ana hira ana jin kiɗa har gari ya waye. Na biyu, rediyo. Daga 1998 Sashen Duniya na BBC, gidan da Sashen Hausa yake ƙarƙashinsa, ya ba shi fili mai suna London Calling. A ciki yakan sa abin da ransa ke so: kumbiya ta Kolombiya, rege na Jamaika, kiɗan Afirka, da tsofaffin waƙoƙin karkarar Amurka. Mutumin da a da ya yarda cewa duk abin da ya gabata shara ne, ga shi ya zama mai tono tsofaffin faifai yana gabatar da su ga duniya.

A 1999 ya kafa sabuwar ƙungiya, The Mescaleros, a ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani, Hellcat. Faifansu na biyu, Global a Go-Go na 2001, shi ne a ganina ya fi nuna ko wane ne shi. Tymon Dogg, abokin tashar jirgi na shekara 30 baya, ya dawo da gogensa. A waƙar da faifan ya ci sunanta ya ambaci Ali Farka Touré na Mali da Baaba Maal na Senegal, makaɗan yankinmu na Sahel. Wata waƙar ma sunan wani abincin kuɓewa na Indiyawa ya sa mata, Bhindi Bhagee, yana lissafa abincin baƙi kala-kala da ake samu a titi ɗaya a Landan. Wata kuma labarin ɗan ci-rani ce daga Masedoniya da ya ɓuya a babbar mota don ya shiga Ingila. Ya rufe faifan da wani tsohon karin Ayalan, Minstrel Boy, na kusan minti 18. Kuɗi kam ba su zo kamar da ba. A fim ɗin da aka ɗauka na yawon wasansu, ana ganinsa a Atlantic City ta Amurka yana raba wa masu wucewa 'yan takardun tallar wasansa da hannunsa, yawancinsu ba su ma gane shi ba.

Ranar 15 ga Nuwamba, 2002, Mescaleros suka yi wasa a zauren Acton na Landan don tara wa 'yan kwana-kwana masu yajin aiki gudummawa. Mick Jones yana cikin 'yan kallo, sai kawai ya hau dandamali ya karɓi jita. Rabon su yi wasa tare a dandamali tun 1983. Bayan mako biyar, ranar 22 ga Disamba, Strummer ya dawo daga zagayawa da karnukansa a gidansa na Broomfield da ke Somerset, ya faɗi, rai ya yi halinsa. Ashe tun haihuwa yana da matsalar zuciya da ba a taɓa ganowa ba. Shekararsa 50. Faifansa na ƙarshe, Streetcore, ya fito a 2003. A cikinsa akwai Long Shadow, wadda ya rubuta don Johnny Cash, dattijon mawaƙan karkarar Amurka, da Redemption Song ta Bob Marley, murya da kiɗa mai sanyi kawai. Wato ya ƙare inda Woody ya fara.

Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Billy Bragg, wanda ke cikin taron Victoria Park yana matashi, ya ɗora kari a kan rubuce-rubucen da Guthrie ya bari, a faifan Mermaid Avenue na 1998. Mike Ness na Social Distortion ya fitar da faifai biyu masu salon karkara a 1999, Greg Graffin na Bad Religion kuma ya yi Cold as the Clay a 2006. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Pank da kiɗan gargajiya duka ba sa neman digiri ko kaya masu tsada. Haɗin sauti biyu ko uku ya isa, magana ce kai tsaye, kuma waƙa tana ɗauke da labarin abin da ke damun mutane. Idan ka cire lasifika da ihu daga kyakkyawar waƙar pank, abin da zai rage shi ne irin abin da Guthrie ke yi.

A makarantar nan muna da masu waƙa, muna jinsu a daren al'adu da bukukuwan sashe, kuma wasunsu wallahi suna da baiwa. Amma na lura da yawa suna ganin kalangu da gurmi da kukuma kayan ƙauye ne, sai bugun kwamfuta da aka kwaso daga intanet. Ban ce kowa ya jefar da kwamfuta ba, Strummer ma bai daina jita mai lantarki ba har ya mutu. Abin da nake cewa shi ne, shi sai da ya rasa abokai, ya rasa ƙungiya, ya yi shekara 10 a gefe, kafin ya yarda cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma da ya dawo 'yan shekaru ƙalilan suka rage masa. Mu kuwa Shata da Ɗan Maraya da Ɗanƙwairo suna nan a wayoyin iyayenmu, masu kalangu kuma suna nan da ransu a unguwanninmu. Wanda ke son ya gwada, hutun nan mai zuwa ya ishe shi ya fara.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.