Labarin Malam Ahmadu Baba Na Tambutu

Duk almajirin da karatu ya kai shi ga littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da na Sarkin Musulmi Bello, lalle ya gamu da sunan Ahmadu Baba, domin sun kafa hujja da maganarsa a kan ƙasashen Sudan. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san ko wane ne shi. To, shi ne malamin da ya zauna, yau shekara 400 da ɗoriya, ya rubuta wa Larabawan arewa cewa baƙar fata ba ta mai da mutum bawa, har ya ambaci Kano da sunanta cikin ƙasashen 'ya'ya. Ƙasar Rano kuwa ta daɗe tana bin Kano tun kafin zamaninsa, saboda haka mu mutanen Rano da Kibiya, har da Fassi, muna cikin waɗanda ya yi wa shaida, ko da ya ke bai kira garuruwanmu ɗaya ɗaya ba.

An haife shi cikin shekarar 1556, watau 963 ta Hijira, a gidan Aƙit, gidan da ya daɗe yana riƙe da alƙalancin Tambutu. Asalinsu Sanhaja ne, jinsin mutanen Sahara masu naɗa amawali, dangin Abzinawa. Akwai wani abu game da kakansu na sama, Muhammadu Aƙit, wanda ya kamata mai karatu ya riƙe. Mai littafin Tarihin Sudan, Abdurrahman Sa'adi, ya ba da labari cewa a Masina ya ke zaune da fari, sai ya kwashe iyalinsa ya koma Walata don kada 'ya'yansa su yi auratayya da Filanin da ke maƙwabtaka da shi, zuriyarsa ta gauraye. Daga can ne ya komo Tambutu. Kakan Ahmadu Baba na kusa kuwa, Alhaji Ahmadu, ya yi hajji a 1485, da ya ke dawowa ya shigo Kano ya karantar, a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Ahmadu ya fara karatu wurin mahaifinsa, amma malamin da ya raine shi a fagen ilmi shi ne Muhammadu Bagayogo, Bawangare, watau jinsin Wangarawan nan da Tarihin Kano ya ce su suka kawo Musulunci a zamanin Sarki Yaji. Ya lizimce shi fiye da shekara 10, ya karanci Muhtasar na Halil da Muwaɗɗa a wurinsa, da sauran manyan littattafai. Bayan rasuwar Bagayogo ya rubuta tarihinsa, ya yaba haƙurinsa wajen karantar da dolo, da yadda ya ke ba da aron littattafai masu tsada ba ya ko tambaya a komo da su, har ya lissafa shi mujaddadin ƙarni na 10. Ba shakka wanda ya durƙusa shekara 10 gaban baƙin mutum yana ɗaukar karatu, zai yi wuya a zo daga baya a shawo kansa da zancen cewa baƙi don bauta aka halicce shi.

Ana nan sai Sarkin Marakish, Ahmadu Almansur, ya yi kwaɗayin gishirin Tagaza da zinariyar Sudan. Ya tashi runduna wajen mutum 4,000 masu bindiga, ya shugabantar musu da Judar Basha, wani baban Sarki ɗan asalin Andalus. Suka ƙetare Sahara, suka gamu da Askiya Isiyaku na Biyu a Tondibi cikin watan Maris na 1591. Mutanen Songai sun fi su yawa nesa ba kusa ba, amma mashi da kibiya ba su iya da harsashi ba, aka karya su. Malaman Tambutu ba su sallama da zuciya ɗaya ba, don haka cikin Oktoba na 1593 Mahmudu Basha ya tara su a masallacin Sankore da sunan mubaya'a, ya sa aka rufe ƙofofi aka kama su, aka kashe waɗansu, aka washe gidajensu. Littattafan Ahmadu Baba 1,600 suka salwanta, shi kuwa ya kan ce nasa ne mafi ƙaranci a cikin danginsa. A farkon 1594 aka tasa su cikin mari zuwa Marakish, maza da mata da yara. A hanya ya faɗo daga raƙumi ya karye a ƙafa. Alƙali Umaru, ɗan'uwan mahaifinsa, tsoho tukuf, can ya cika a ƙasar baƙunci.

Shekara 2 yana tsare, sa'an nan a 1596 aka sake shi bisa sharaɗin kada ya bar gari. Da ya shiga gaban Almansur ya tarar Sarki yana magana daga bayan labule, sai ya ƙi cewa kome, ya nuna masa Allah kaɗai ke magana da bayinsa ta bayan shamaki, har Sarki ya sa aka yaye. Ya tambaye shi dalilin washe masa dukiya da jawo shi cikin sarƙa. Sarki ya kawo hanzarin haɗa kan Musulmi. Malam ya nuna masa ai Turkawan Tilimsan sun fi kusa da shi, in haɗa kai a ke so. Kai, wannan ƙarfin hali ne, ga mutumin da jiya jiya aka cire wa mari!

Daga nan ya zauna a masallacin Shurafa yana karantarwa, manyan gari har da alƙalai suna zuwa ɗaukar karatu, fatawoyi kuwa suna ta zuwa daga ko'ina. A can ya gama Nailul Ibtihaj, littafin tarihin malaman mazhabar Maliki, a 1596, ya kuma taƙaita shi cikin Kifayatul Muhtaj a 1603. Sunan da aka san shi da shi a wannan ƙasa shi ne Ahmadu Baba Assudani. Kalmar Sudan kuwa a Larabci ma'anarta baƙaƙe, kishiyarta Bidan, watau farare. Ku duba fa, jikan mutumin da ya yi ƙaura don gudun gauraya da Filani, ga shi a Marakish ana danganta shi da ƙasar baƙaƙe, da wannan suna kuma ya shahara har yau. A Tambutu gidansu na cikin fararen gari, da ya matsa arewa sai ya zama Basudane. Haka laƙabin launi ya ke, ya kan sake da sakewar masauki.

Almansur ya mutu da annoba a 1603, ɗansa Zaidan ya ba Malam izinin komawa gida, ya iso Tambutu a 1608. Ya tarar gari ya sake. Mayaƙan Maroko sun auri matan ƙasa, 'ya'yansu suna tasowa da harshen Songai a baki. Waɗannan 'yan ruwa biyu su ne daga baya aka sani da Arma, daga kalmar Larabci mai nufin maharba, suka zama gidan sarauta na dabam, suna bin dangantakar uba ko da fatarsu ta yi duhu kamar ta kowa. Talakawan gari kuwa a kan kira su Gabibi, watau masu baƙin jiki.

Yana nan gida sai ga takarda daga Tawat, zangon nan na Sahara inda ayarin bayi ke bi zuwa arewa. Wani mai suna Sa'idu ɗan Ibrahim Aljirari ne ya aiko da tambayoyi. Yana son ya san hukuncin bayin da a ke kawowa daga Barno da Kano da Katsina da Gao, waɗanda da yawansu ke cewa su Musulmi ne 'ya'ya. Ya kuma tambayi gaskiyar labarin nan da ke yawo a bakin mutane, wai Annabi Nuhu ya yi wa ɗansa Hamu baki, zuriyarsa ta baƙaƙe ta zama bayin zuriyar 'yan'uwansa. Malam ya ba da amsa a 1615 cikin ɗan littafin da ya kira Mi'irajus Su'ud.

Ya fara da kafa tushe, cewa a shari'a dalilin bauta shi ne kafircin wanda aka kama a yaƙi ba shi da alkawarin amana, kuma a wannan babu bambanci tsakanin baƙi da fari. Zancen bakin Annabi Nuhu ya nuna bai inganta ba. Wajen launi kuwa ya bi Ibn Haldun, wanda ya ce zafin rana da iskar ƙasa su ke sa fata ta yi duhu ko haske. Sa'an nan ya lissafa ƙasashen Musulmi: Barno, Kano, Katsina, Songai, Mali, wani sashe na Zazzau, da galibin Filani. Ya ce waɗannan sun musulunta ne don kansu tun da daɗewa, ba wanda ya ci su da yaƙi, saboda haka mallakar ɗayansu haramun ce. In kuwa aka yi shakka, bawa ya ce shi ɗan ƙasar Musulmi ne, to, maganarsa a ke kamawa, mai shi ne zai kawo shaida. A nan ya dogara ga hukuncin Alƙali Mahmudu ɗan Umaru, ƙanen kakansa, da fatawar Mahluf Albilbali, malamin da shi ma ya zauna Kano da Katsina.

Wurin da ya fi taɓa mu shi ne inda ya bayyana yadda ɗan halas ke faɗawa kasuwa. Ya ce sarakunan waɗannan ƙasashe su kan yi gaba, wannan ya kai wa wancan hari ya kamo mutane ya sayar, alhali Musulmi ne, ya buga misali da Katsina da Kano. Gaskiya ya faɗa, domin daidai wannan lokaci Muhammadu Zaki ke sarautar Kano, daga 1582 zuwa 1618, Tarihin Kano kuwa cike ya ke da yaƙoƙinsa da Katsinawa, ba a yi sulhu ba sai zamanin Shekarau wajen 1650. Ya ƙara da cewa mutanen nan harshensu ɗaya ne, kamanninsu ɗaya, ba abin da ya raba su sai wannan an haife shi Musulmi wancan ba haka ba. Mai saye a Tawat, wanda ba ya jin Hausa, ina zai rarrabe? Abin da idonsa ke gani kawai shi ne baƙar fata, sai ya mai da ita shaida.

A nan ya kamata a faɗi iyakar aikinsa, don yabon da ba shi da iyaka ba ya amfanin mai koyo. Malam bai hana bauta ba. Ya yi horo a kyautata wa bawa, a ciyar da shi irin abin da a ke ci, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, amma ya kawo jerin waɗansu al'ummu, kamar Moshi da Gurma da Bargu da Dagomba da Yarabawa, ya ce a zamaninsa ba Musulmi ba ne, mallakarsu ta halatta. Ya tsame launi daga ma'auni, ya bar addini a ciki. Mu da muka tashi a kudancin Kano mun san nauyin wannan, domin ga Maguzawa nan maƙwabtanmu, fatarmu ɗaya, Hausarmu ɗaya, gonakinmu kan iyaka ɗaya, suna ne kaɗai ya raba. Su dai a mulkin Filani jiziya aka ɗora musu aka bar su da amana, amma mutanen duwatsun Ningi da Warji ba su sami wannan ba, rundunar Kano ta kan kamo su. Su ma Ningawa, cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 19, sun sha faɗa wa ƙasar Rano suna kwasar Musulmi, ba wanda ya tsaya duba fatawa.

Duk da haka, in aka gwada da abin da ya faru a waɗansu wurare, za a ga amfanin ƙa'idarsa. A shari'ar da ya bi, ɗan sa-ɗaka ɗa ne, yana bin ubansa, yana cin gado daidai da ɗan matar aure, har ya kan yi sarauta. A Bajiniya ta Amurka kuwa, dokar 1662 ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, watau Bature ya haifi ɗa da baiwarsa ya kuma mallake shi. A 1924 suka ƙara da cewa wanda ke da ko ɗigon jinin baƙar fata ba a lissafa shi fari. Afirka ta Kudu ta kafa dokar 1950 mai rarraba mutane bisa launi, 'yan ruwa biyu aka ware musu aji nasu, ba a soke ta ba sai 1991. Mu a nan, Jatau da Duna da wankan tarwaɗa siffa ce kurum, ba ta hana aure ko gado. Kalmomin da ke da dafi a wurinmu su ne irin su bacucane da Kaɗo, masu tono asali.

Malam Ahmadu Baba ya rasu a Tambutu ran 22 ga Afrilu 1627, yana da shekara 70. Allah ya jiƙansa. Ba a cika shekara 100 da rasuwarsa ba sai abin da ya yi gargaɗi a kai ya auku a Maroko. Sarki Maulaya Isma'ila, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, ya sa aka rubuta sunayen baƙaƙen ƙasarsa, bayi da 'ya'ya duka, aka tara su rundunar da a ke kira Abidul Buhari, don a kan littafin Buhari su ke rantsuwa. Malaman Fas suka ƙi sa hannu, ɗayansu, Abdussalami Jassus, aka ɗaure shi aka kashe a 1709. A ƙasar Hausa kuwa Shehu ya kawo rabon ƙasashen da Ahmadu Baba ya yi cikin Bayanu Wujubil Hijira, sai dai ya ƙarfafa cewa hukuncin ƙasa yana bin hukuncin sarkinta. Kamun Musulmin Gimbana da Gobirawa suka yi yana cikin abin da ya jawo hijirar 1804. Bauta ba ta ƙare a dokar Nijeriya ta Arewa ba sai 1936, bayan shelar 1901 da ta 'yanta duk wanda aka haifa daga farkon Afrilu na wannan shekara.

A 1973 aka buɗe gidan ajiye tsofaffin littattafai a Tambutu aka sa masa sunansa. Cikin Janairu na 2013 'yan bindigar da suka mamaye garin suka ƙone littattafai wajen 4,000 a ciki kafin su gudu, amma galibin ajiyar an riga an fitar da ita a ɓoye zuwa Bamako.